Masu wankin ƙarfe da masu gwajin tsaga na kayan jirgin sama: a haɗa su wuri ɗaya ko a raba?

Injiniya Nura:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga wannan harka. Kamfaninmu ƙarami ne, sassaƙa ƙarfe muke yi da injinan CNC, kuma mun samu odar farko ta kayan jirgin sama daga wani kamfani da shi ma ɗan kwangila ne a ƙarƙashin babban mai ƙera jirage. Kayan iri biyu ne. Akwai maƙalai na alminiyum 7075, zane ya ce a yi musu gwajin ruwa mai ƙyalli, wanda ke shiga tsaga ya bayyana ta a ƙarƙashin fitila, bisa ƙa'idar ASTM E1417, sannan anodayizin, wato rufin kariya da ake yi wa alminiyum a tankin asid da lantarki, nau'i na II bisa MIL-A-8625. Akwai kuma ƙusoshi na ƙarfen 4340 da aka taurara, su kuma gwajin tsaga da maganaɗisu bisa ASTM E1444 da wankin kadmiyum, wato a lulluɓe su da siririn kadmiyum a tanki, bisa AMS-QQ-P-416. Muna da AS9100, shaidar tsarin inganci ta harkar jirgin sama, amma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da muke yi a gida. Ta ina ake fara neman masu yi? Kuma gara a ba kamfani ɗaya duka, ko a raba mai gwaji da mai wanki?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Allah ya sanya alheri. Kafin ka nemi kowa, koma ka karanta takardar odar da aka ba ka tun daga farko har ƙarshe, har da ƙananan sharuɗɗan inganci da ake liƙawa a baya. Sau da yawa ba kai ke da zaɓin ba. Idan kayan na Boeing ne, akwai jerin da suke kira D1-4426, kuma wanda ba ya cikinsa don wannan aikin takamaimai ba zai taɓa maka kaya ba, ko da ya fi kowa iyawa. Lockheed Martin na da nasu, QCS-001. Airbus ma na da nasu jerin da nasu ƙa'idojin. To tambayar farko ga wanda ya ba ka oda ita ce: wane ne asalin mai zanen, kuma wane jeri zan bi? Ka nemi amsar a rubuce.

Bayan nan sai ka shiga eAuditNet, rumbun bayanai na kamfanonin da ke da shaidar Nadcap, wato binciken haɗin gwiwa da manyan kamfanonin jirage ke yi wa masu irin waɗannan ayyuka, wanda hukumar PRI ke gudanarwa. Rajista kawai za ka yi ka bincika. Don AS9100 kuma akwai rumbun OASIS na IAQG, ƙungiyar ingancin kayan jirgin sama ta duniya.

Alhaji Tukur:
Ni sayayya nake yi, kuma shawarata a taƙaice: kamfani ɗaya. Duk lokacin da kaya suka hau mota daga wannan masana'anta zuwa waccan, akwai jinkiri, akwai ƙwarzane, akwai takardar da za ta ɓace. Alminiyum da aka sassaƙa ba a rufe shi ba, yana zaune a kwali yana jiran layi, tsatsarsa ta fara ke nan. Kuma ranar da matsala ta fito, mai gwaji zai ce mai wanki ne, mai wanki ya ce mai gwaji ne, kai kana tsakiya da kayan da ba za su sayu ba. Nemi mai Nadcap a fannonin biyu ka huta.

Malam Habu:
Alhaji, kalmar "mai Nadcap" ita ce ke jefa sababbin shiga a rami. Ba shaida ɗaya ba ce da ta lulluɓe kamfani gaba ɗaya. Kowane fanni da nasa kundin bincike: aikin sinadarai AC7108, gwajin da ba ya lalata kaya AC7114, taurara ƙarfe da zafi AC7102. A cikin fanni ɗaya ma an rarraba. Kamfani na iya samun shaida a gwajin ruwa mai ƙyalli, ba shi da ita a gwajin maganaɗisu. Yana iya samunta a anodayizin, ba shi da ita a wankin kadmiyum. Kuma shaidar ta wurin da aka bincika ce, idan suna da reshe biyu ba ta bin kaya zuwa na biyun. Saboda haka, Nura, kar ka tsaya ga satifiket ɗin da suka rataya a bango, ka nemi takardar da ta jera iyakar ayyukan da aka amince musu, ka ɗora ta kusa da zanenka, layi bayan layi. Ka duba ranar ƙarewa. Sabon shiga wata 12 ake ba shi, wanda ya daɗe yana fita da kyau a bincike ana ƙara masa zuwa wata 18 ko 24. Wannan tsawon ma labari ne a kansa.

Injiniya Nura:
Na gode ƙwarai, Hajiya da Malam. Na duba, odar ta ce Nadcap dole ne kuma akwai jerin mai zane. Malam, kai ina ka tsaya kan batun haɗawa ko rabawa?

Malam Habu:
Ga maƙalan alminiyum ina tare da Alhaji, amma ba don dalilinsa ba. Dalilina tsarin aikin ne. Alminiyum ƙarfe ne mai laushi. Lokacin da bakin injinku ke yanka shi, ko aka goge shi da sanfefa, yana shafe ɗan ƙarfe a kan bakin tsaga ya toshe ta. Ruwan gwajin kuwa ba ya shiga sai inda baki ke buɗe. Don haka kafin gwaji ana tsoma kayan a sinadari ya cinye ɗan siririn saman, ya buɗe abin da aka rufe. Wa ke da tankunan wannan aikin? Mai anodayizin. Idan ka raba, kayan za su je wurin mai tanki, su tafi wurin mai gwaji, su dawo wurin mai tanki. Ko kuma, abin da ya fi muni, mai gwajin da ba shi da tanki ya tsallake matakin, ya wanke da sabulu kawai, ya haska fitila, bai ga komai ba, ya sa hannu.

Jeri shi ne komai a nan. Gwajin ruwa mai ƙyalli yana zuwa kafin anodayizin, kafin fenti, kafin harbin ƙananan ƙwallaye da ake yi don ƙarfafa saman ƙarfe, domin duk waɗannan suna rufe tsaga. Ka rubuta jerin a takardar odarka da lamba, kar ka bar wa kowa ya yi hasashe.

Hajiya Rabi:
Na yarda da batun jeri, Malam, amma ban yarda a wuce batun 'yancin mai gwaji haka da sauƙi ba. Idan mai duba tsaga yana karɓar albashi daga manajan da ke son mota ta tashi ƙarfe huɗu, matsin yana nan ko ba a furta ba. Na taɓa shiga wani wuri, ba zan faɗi suna ba, na tarar mai dubawa yana shiga ɗakin duhu daga hasken rana kai tsaye ya fara ɗaga kaya. Ƙa'ida ta ce aƙalla minti ɗaya ya jira ido ya saba da duhu. Minti ɗaya fa. Wanda ba ya iya jiran minti ɗaya, me kuma yake tsallakewa da ban gani ba? Takardunsu kuwa tsaf suke.

Malam Habu:
Abin da kika gani gaskiya ne, Hajiya, amma yana faruwa a kamfanonin gwaji zalla ma, su ma ana biyansu ne bisa yawan kayan da suka wuce. Maganin shi ne a san mutumin. A harkar jirgin sama, wajen ba masu gwaji shaida, ƙa'idar NAS 410 ake bi, a Turai EN 4179, kusan abu ɗaya ne, kuma a ƙarƙashinsu kamfanin da ya ɗauki ma'aikaci shi ke ba shi shaida, ƙarƙashin kulawar mai mataki na 3, matakin ƙwarewa mafi girma. To tambaya ita ce, wane ne mai mataki na 3 ɗin nan? Ma'aikacinsu ne, ko an ɗauko shi haya daga waje? Hayar ba laifi ba ce, ƙa'ida ta yarda, amma yaushe rabon da ya taka ƙafarsa wurin? Shi ya sa hannu a takardar dabarar da za a bi a kan kayanka? Idan ya ce a ƙi kaya, wa ke da ikon juya maganarsa? Idan amsar ta ƙarshe ba "babu kowa" ba ce, ka tashi.

A'isha:
Malam, ni ɗaliba ce, ku yi haƙuri da tambayata. Idan an bi duk waɗannan ƙa'idoji, tsaga na iya wucewa ba a gani ba?

Malam Habu:
Tana iya wucewa, 'yata, kuma ta wuce, an rasa rayuka. A ranar 19 ga Yulin 1989, jirgin United Airlines mai lamba 232, ƙirar DC-10, faifan fankar injinsa na wutsiya ya tarwatse a sama, tarkacen ya yanke dukkan hanyoyin man haidurolik guda uku, aka yi saukar gaggawa a Sioux City ta jihar Iowa. Mutum 296 ne a ciki, fiye da 110 suka rasu. Asalin abin lahani ne a cikin taitaniyum tun daga narkarwa, tsaga ta tsiro daga nan tana girma shekara da shekaru. An yi wa faifan gwajin ruwa mai ƙyalli kafin hatsarin, kuma masu bincike sun tarar da ragowar ruwan a cikin tsagar. Wato ruwan ya shiga, ya yi aikinsa, ido ne bai kama ba.

Bayan shekara bakwai, ranar 6 ga Yulin 1996, jirgin Delta 1288, ƙirar MD-88, yana gudun tashi a Pensacola cibiyar fankar injinsa ta fashe, mutum biyu suka rasu. Wannan karon daga ramin da aka huda tsagar ta fara, hudawar ta lalata ƙarfen jikin ramin tun a masana'anta, kuma nan ma gwaji ya wuce ta. Nura, wannan na biyun ya shafe ka kai tsaye, domin lahanin daga bakin inji ya fito, irin aikin da kuke yi.

Shi ya sa idan na je duba wuri ba na fara zama a ofis. Ɗakin duhu nake nufa. In ga na'urar auna ƙarfin fitilar UV da ke sa ruwan ƙyalli, dole ta kai maikirowat 1000 a kan kowane santimita murabba'i a jikin kaya, farin haske kuma kar ya wuce lus 20 a ma'aunin haske. In ga farantin gwaji mai sanannun tsagogi da ake wucewa da shi kowace rana kafin a fara aiki, in ga littafin da ake rubuta sakamakon, in duba ko rubutun na kwanaki daban-daban ne ko an zauna an cike shi rana ɗaya da biro ɗaya. In tambayi ruwan da suke amfani da shi ko yana cikin jerin ruwan gwaji da aka amince da su bisa AMS 2644, kuma matakinsa ya dace da abin da zane ya nema. In ga takardar gwajin idon mai dubawa, kowace shekara ake sabunta ta.

Ɗanlami:
Ranku ya daɗe, kun daɗe a kan maƙalai, ni kuwa ƙusoshin ne suka fi ba ni tsoro. Layin wanki nake kula da shi. Ƙarfen 4340 da aka taurara, idan ya shiga tankin asid ko tankin wanki da lantarki, yana shan haidurojin. Haidurojin ɗin yana shiga cikin jikin ƙarfen ya mayar da shi mai gautsi. Ba za ka gani da ido ba, gwajin maganaɗisu ma ba zai nuna ba, domin babu tsaga tukuna. Sai an ɗaure ƙusar a jikin jirgi tana ɗauke da nauyi, bayan kwanaki ko makonni ta karye ba gargaɗi.

Maganinsa gashi a tanda: wajen digiri 190 na Salshiyos, kuma a sa kayan cikin awa 4 da fitowa daga wanki. Ga ƙarfe mai tsananin tauri galibi awa 23 ne, amma ƙa'ida da taurin kayanka su za su faɗa. Saboda haka tandar dole ta kasance a wurin mai wankin, wannan ba abin rabawa ba ne. Injiniya, ka sa a odarka cewa su rubuta lokacin fitowa daga tanki da lokacin shiga tanda, awa da minti, su haɗo maka da jadawalin zafin tandar. Ka tambaye su ko tandar na bin AMS 2750, ƙa'idar auna zafin tanda, a nuna maka takardar auna daidaiton zafi a kusurwoyinta. Ka kuma nemi sakamakon ASTM F519 na watannin baya. Gwaji ne da ake wanke wasu sanduna masu ɗan yanka a tsakiya a tanki ɗaya da kaya, a rataya musu nauyin kashi 75 cikin 100 na abin da zai karya su, su jure awa 200. Idan sun taɓa faɗuwa, ka tambayi me aka yi da kayan da suka bi tankin a wannan tsakanin. Yadda za su amsa wannan zai gaya maka irin mutanen da kake hulɗa da su.

Alhaji Tukur:
To ai kun dawo kan maganata. Tanki da gwaji wuri ɗaya, wanki da tanda wuri ɗaya. Sai dai ina da ƙorafi kan wannan yawan binciken da kuke so yaron nan ya yi. Ba don a daina shi aka kafa Nadcap a 1990 ba? Manyan kamfanoni suka ga kowa na aika oditansa wuri ɗaya, suka haɗu a kan bincike guda. Yanzu kuma ƙaramin kamfani mai oda ɗaya zai je yana neman littafin fitila? Manyan masu wanki ba za su ma buɗe masa ƙofa ba, layinsu cike yake.

Hajiya Rabi:
Alhaji, oditan Nadcap kwanaki kaɗan yake yi a wuri, sau ɗaya a shekara ko shekara biyu, kuma an san ranar zuwansa. Yana da amfani ƙwarai, yana tsayawa ya kalli aiki ana yi, ba takarda kawai yake bi ba. Amma AS9100 da Nura ke riƙe da ita, a sashe na 8.4, ta ɗora masa alhakin duk abin da ya ba wani ya yi masa. Idan maƙali ya dawo, sunansa ne a kan takardar shaida. Ba sai ya yi binciken kwana uku ba, rabin yini ya isa ya ga abin da Malam da Ɗanlami suka lissafa. Wanda ya ƙi ya bar ka ka ga inda za a tsoma kayanka, ya riga ya ba ka amsa.

Kuma takarda ita kaɗai ba ta isa ba, an ga haka a fili. Wani kamfanin alminiyum a Amurka ya shafe shekaru yana sauya sakamakon gwajin ƙarfin kaya, kuma binciken NASA ya danganta hakan da asarar taurarin ɗan adam biyu, a 2009 da 2011. A 2023 ma an gano wani dillali a Landan da takardun bogi na kayan injin jirgin sama ƙirar CFM56. Duk waɗanda suka karɓi kayan nan takarda suka gani.

Alhaji Tukur:
Waɗannan zamba ce da gangan, Hajiya, ziyarar rabin yini ba za ta kama su ba.

Hajiya Rabi:
Ba za ta kama ba, gaskiya ne. Abin da ke kamawa shi ne ka riƙa gwada wani abu da kanka. Kaurin rufi ana auna shi da ƙaramar na'ura a karɓar kaya. Guntun gwaji ana iya aika shi wani ɗakin gwaji daban lokaci-lokaci. A nan ne nake son rabawa, ba a kowane kashi ba.

Ɗanlami:
Injiniya, wasu ƙananan abubuwa da ke jawo rigima tsakaninmu da masu sassaƙa. Anodayizin yana canza awo. Rufin yana cin jikin ƙarfen yana kuma tasowa waje. A nau'i na II kaɗan ne, amma a nau'i na III mai tauri, da yakan kai maikiron 50, kusan rabi ne ciki rabi waje, kuma rami yana tsukewa ta ɓangarori biyu. Ka tabbatar awon da ke zane na kafin rufi ne ko na bayansa. Ka nuna mana wuraren da za a toshe kar ruwa ya taɓa, musamman ramukan noti da wuraren da lantarki zai bi. Ka nuna inda aka yarda mu maƙale kayan, domin duk inda maƙata ta riƙe ba ya samun rufi. Ka faɗi ainihin alminiyum ɗin da yanayin taurinsa, 7075 da 2024 da 6061 ba sa ɗaukar tanki iri ɗaya. Ka tambayi gwajin feshin gishiri na ASTM B117 da suke yi wa faranti, awa 336 ne ga irin naka.

A'isha:
Yaya Ɗanlami, ba an hana kadmiyum da kuromiyum da ake amfani da su a tankunan nan ba?

Ɗanlami:
An taƙaita su, ƙanwata, domin guba ne kuma suna jawo ciwon daji. A Tarayyar Turai dokar REACH ta sa tun 21 ga Satumban 2017 ba a amfani da kuromiyum tirayoksaid sai da izini na musamman. Masana'antar jirage na komawa wankin zinki da nikel a madadin kadmiyum a wurare da yawa, kuma MIL-DTL-5541, ƙa'idar wani rufin sinadari na alminiyum, na da nau'i na II marar wannan kuromiyum ɗin. Amma ba mai wanki ke yanke shawarar canji ba, ba kuma Injiniya Nura ba. Zane ya ce kadmiyum, kadmiyum za a yi, sai mai zane ya sauya a rubuce. Illar ga mai nema ita ce masu yin kadmiyum na raguwa, don haka wannan ya kamata ya fara nema, shi zai fi wuyar samu.

Injiniya Nura:
Allah ya saka da alheri. Na samu kamfanoni biyu a jerin mai zane. Na farko na da anodayizin da gwajin ruwa mai ƙyalli, babu kadmiyum. Na biyu na da kadmiyum da tanda, amma gwajin maganaɗisu suna ba wani kamfani ne. Zan tura musu zane su ba ni farashi.

Hajiya Rabi:
Dakata da tura zanen. Duba ko akwai tambarin ITAR ko EAR, dokokin Amurka kan fitar da kaya da bayanan fasaha, a jikinsa. Idan akwai, dokar Amurka ta taƙaita wanda zai gan shi, kuma tura shi ta imel ga wanda bai cancanta ba laifi ne ko da ba a sayi komai ba. Ka tambayi wanda ya ba ka oda hanyar da aka yarda a bi.

Malam Habu:
Na biyun kuma, kamfani na ukun da suke ba gwajin shi ma dole ya kasance a jerin mai zane da sunansa, amincewar mai wanki ba ta gangarowa kansa. Gwajin maganaɗisu na ƙusoshin kafin wanki za a yi, wasu zanuka na neman a maimaita bayan gashi, ka duba naka. Tun da kafin wanki ne, kana iya kai su wurin mai gwajin da kanka, odarka kai tsaye, rahoton ya zo hannunka. Ka ce a rubuta cewa an cire maganaɗisun bayan gwaji an auna ragowar. Idan kun yi wa ƙusoshin niƙa da dutse bayan taurarawa, ka duba ko zane ya nemi gwajin ƙunar niƙa na AMS 2649 da gashin sassauta ƙarfe kafin wanki, ka gaya wa mai wankin an niƙa su, domin shi ba zai sani ba idan ba ka faɗa ba.

Alhaji Tukur:
Wato kamfani uku ke nan a kan oda ɗaya. Ni dai har yanzu ina ganin da za a samu mai yin duka a jerin, shi zan ɗauka. Injiniya, ka ƙara kayan da za ka sassaƙa a kashin farko, domin rahoton kayan farko na AS9102 zai buƙaci takardun dukkan ukun, kuma wani zai nemi guntun da zai yanka.

Ɗanlami:
Ka tambayi kowannensu guntu nawa yake so kafin ka yanka ƙarfen, Injiniya, kuma guntayen su fito daga sanda ɗaya da kayan, a taurara su tare.